'Yan jarida masu zaman kansu a Biyetnam: wane taimako ke amfanarsu, wane ke ƙara jefa su cikin haɗari?

A tsakiyar watan Maris na 2025 masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka suka ji shirye-shirye sun ɗauke, bayan Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke kula da kafafen yaɗa labaran gwamnatin Amurka na ƙetare. Umarnin bai tsaya a kan Muryar Amurka ba. Ya datse kuɗin gidan rediyon RFA, mai watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen Asiya da ba a sakar wa 'yan jarida mara, kuma ɗaya daga cikin harsunansa shi ne na Biyetnam.

A can abin ya wuce rasa tashar da aka saba da ita. A ranar da aka sa hannu a kan umarnin, akwai mutanen da ke kwance a kurkukun Biyetnam waɗanda suka yi wa waɗannan kafafe biyu rubutu: Pham Chi Dung da ya rubuta wa Muryar Amurka, da Nguyen Tuong Thuy da Truong Duy Nhat da Nguyen Lan Thang da Nguyen Vu Binh da suka rubuta wa RFA. Wannan ya sake taso da wata tsohuwar muhawara: yaya ake taimakon ɗan jarida a ƙasar da shi kansa taimakon kan zama hujjar ɗaure shi?

## Wa ake kira "mai zaman kansa" a can?

A Biyetnam ba a rasa jaridu ba. Akwai ɗaruruwan jaridu da mujallu da gidajen rediyo da talbijin, wasunsu na da masu karatu miliyoyi. Abin da babu shi ne jarida mallakar mutum ko kamfani mai cin gashin kansa. Dokar aikin jarida ta 2016 ta tanadi cewa kowace kafa sai ta kasance ƙarƙashin wata hukuma da gwamnati ta amince da ita. Jaridar Nhan Dan ta Jam'iyyar Kwaminis mai mulki ce kai tsaye. Tuoi Tre, wadda ke cikin jaridun da aka fi karantawa, ƙungiyar matasan jam'iyya ta birnin Ho Chi Minh ce ta kafa ta. Gwamnati ce ke ba da katin shaidar aikin jarida, ita ce kuma ke karɓewa, sannan sashen farfaganda na jam'iyya na zama da editoci a kai a kai yana nuna musu abin da za a taɓa da abin da za a bari.

Kada a ɗauka duk ma'aikatan waɗannan kafafe 'yan amshin shata ne. Suna tono almundahana, amma da iyaka, kuma iyakar ba a rubuce take ba. A 2006 jaridu suka bankaɗo badaƙalar wani sashe na ma'aikatar sufuri da ake kira PMU 18, inda jami'ai suka riƙa caca da kuɗin ayyukan hanyoyi. Bayan shekara biyu aka kama biyu daga cikin 'yan jaridar da suka bi labarin, aka yanke wa Nguyen Viet Chien na jaridar Thanh Nien ɗaurin shekara biyu. Kowane edita a ƙasar ya fahimci saƙon.

Saboda haka "mai zaman kansa" a Biyetnam shi ne wanda ke aikin jarida ba tare da katin gwamnati ba, a Facebook ko YouTube ko wani shafin intanet da aka kafa a ƙetare. A idon doka ba ɗan jarida ba ne ma. Da yawansu kuma daga cikin gida suka fito. Pham Doan Trang ta yi shekaru tana aiki a jaridun da gwamnati ta amince da su. Pham Chi Dung ɗan jam'iyya ne har zuwa 2013, kafin ya fice ya kafa Ƙungiyar 'Yan Jarida Masu Zaman Kansu ta Biyetnam a watan Yulin 2014. Truong Huy San, wanda aka fi sani da Huy Duc, tsohon soja ne kuma tsohon ɗan rahoto a manyan jaridun ƙasar.

## Sassan dokar da ake kamu da su

Sashe na 25 na tsarin mulkin 2013 ya ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki da na aikin jarida, amma ya ƙara da cewa doka ce za ta tsara yadda za a yi amfani da 'yancin. Sashe na 4 kuwa ya ɗora Jam'iyyar Kwaminis a kan jagorancin ƙasa da al'umma baki ɗaya. A tsakanin waɗannan biyu ne kundin laifuffuka ke aiki.

Sassa biyu ne suka fi cin 'yan jarida. Na 117 ya haramta ƙirƙira ko ajiyewa ko yaɗa bayanan da ke adawa da ƙasa, hukuncinsa na iya kaiwa shekara 20. A tsohon kundi shi ne sashe na 88. Na 331 ya haramta "amfani da 'yancin dimokuraɗiyya ta hanyar da ba ta dace ba" don cutar da muradun ƙasa ko na wasu, hukuncinsa har shekara bakwai. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fayyace inda suka ta ƙare, laifi ya fara. Mai gabatar da ƙara ne ke fassarawa.

A ranar 5 ga Janairun 2021 wata kotu a birnin Ho Chi Minh ta yanke wa Pham Chi Dung shekara 15, ta yanke wa abokan aikinsa Nguyen Tuong Thuy da Le Huu Minh Tuan shekara 11 kowannensu. A watan Oktoban wannan shekarar aka ɗaure mutum biyar na wani shafin bincike mai suna Bao Sach, wato "jarida mai tsabta". A watan Disamba aka yanke wa Pham Doan Trang shekara tara. Huy Duc ya samu wata 30 a Fabrairun 2025 saboda rubuce-rubucensa na Facebook.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ta ambaci magana ko rubutu ba sam, wato tuhumar kauce wa biyan haraji. Za mu dawo kanta, domin ita ce ta fi shafar batun taimako.

## Me ya kawo tsanantar?

Tun 1986 Biyetnam ta buɗe kasuwarta da manufar da ake kira Doi Moi, tattalin arzikinta ya bunƙasa, talauci ya ragu ƙwarai. Siyasa dai ba a buɗe ba. Shugabannin jam'iyya sun ga yadda Tarayyar Sobiyet ta ruguje, kuma har yau suna gargaɗi a kan abin da suke kira "sauyi cikin lumana", wato a kifar da tsarin ba da bindiga ba, ta hanyar jaridu da ƙungiyoyi da kuɗin ƙetare.

Intanet ce ta rikita lissafin. Sin ta toshe Facebook, Biyetnam ba ta iya ba, har ya zama kasuwa da dandali ga mafi yawan mutanen ƙasar mai kimanin mutum miliyan 100. A watan Afrilun 2016 gubar da masana'antar ƙarfe ta kamfanin Formosa ta zuba a teku ta kashe kifi a gaɓar larduna huɗu na tsakiyar ƙasar. Kamfanin ya amsa laifi, ya amince zai biya dala miliyan 500, amma hotunan masunta masu zanga-zanga ta wayoyin mutane suka fita. Wani matashi, Nguyen Van Hoa, da ya ɗauki bidiyon, ya samu ɗaurin shekara bakwai. A ƙarshen 2017 rundunar soja ta bayyana cewa tana da dakarun intanet 10,000 da ake kira Runduna ta 47. A watan Yunin 2018, ana tsakiyar zanga-zanga a manyan birane, majalisa ta zartar da dokar tsaron intanet.

Sai rikicin ƙauyen Dong Tam da ke kusa da Hanoi. A Biyetnam ƙasa mallakar al'umma ce, gwamnati ke gudanar da ita, manomi haƙƙin amfani kawai yake da shi, shi ya sa rigimar fili ta fi kowace yawa. A daren 9 ga Janairun 2020 'yan sanda suka shiga ƙauyen, aka kashe dattijon da ke jagorantar mutanen, Le Dinh Kinh, 'yan sanda uku ma suka mutu. Labarin da kafafen gwamnati suka bayar daban, wanda masu zaman kansu suka tattaro daga bakin 'yan ƙauyen daban. Pham Doan Trang na cikin waɗanda suka rubuta rahoto a kai, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kama ta.

Mutumin da ya riƙe ma'aikatar tsaron cikin gida daga 2016 zuwa 2024, To Lam, shi ne ya zama sakatare janar na jam'iyya a watan Agustan 2024. A jerin 'yancin aikin jarida na ƙungiyar RSF mai kare 'yan jarida a duniya, Biyetnam ta zo ta 178 cikin ƙasashe 180 a 2023.

## Taimako iri-iri, kowanne da kuɗin da ake biya

A nan ne maganar ta fi sarƙaƙiya, domin abin da ake kira taimako ba abu ɗaya ba ne.

Kuɗi shi ne na farko da ke zuwa wa mutum a rai, shi ne kuma ya fi haɗari. Ɗan jaridar da ba shi da kati ba shi da albashi, ba mai ba shi talla, sau da yawa ma 'yan sanda kan matsa wa mai gida ya tashe shi daga haya. Yana buƙatar kuɗi. Amma duk abin da ya shigo daga ƙetare na iya bayyana a takardar tuhuma a matsayin shaidar cewa ɗan koren baƙi ne. Ƙungiyoyin da suka yi rajista ma ba su tsira ba. Mai Phan Loi, tsohon ɗan jarida da ke tafiyar da wata cibiyar yaɗa labarai mai rajista, da lauyan muhalli Dang Dinh Bach, an kama su a 2021, aka ɗaure su bisa tuhumar rashin biyan haraji a kan tallafin da suka karɓa daga waje. Gwamnati ta ce doka ce ta yi aikinta. Masu kare su suka ce dokar harajin ƙungiyoyi a ƙasar a dunƙule take, kuma ba a tuna da ita sai a kan wanda ake nema.

Taimakon cikin gida ma bai kuɓuta ba. Wata mata mai suna Nguyen Thuy Hanh ta kafa asusun da ake kira 50K, inda kowa ke ba da dong 50,000 na kuɗin ƙasar, kimanin dala biyu, don iyalan fursunonin siyasa. Da ta tara gudummawar ta'aziyya ga iyalan dattijon Dong Tam, aka rufe asusunta na banki da ke ɗauke da fiye da dong miliyan 500. A 2021 aka kama ta ita ma. Duk da haka, waɗanda suka san lamarin na sa kula da iyali a sahun gaba, domin hukumomi kan mayar da fursuna kurkuku mai nisa da gida. An kai Pham Doan Trang wani gidan yari a kudancin ƙasar, alhali mahaifiyarta tsohuwa na Hanoi a arewa, tafiyar fiye da kilomita dubu. Kuɗin mota, da magani, da abincin da ake kai wa fursuna, da kuɗin makarantar 'ya'yansa, su ne abubuwan da ke karya gida a irin wannan hali, kuma ba su cika fitowa a sanarwar manema labarai ba.

Lauyoyi kuwa ƙalilan ne ke karɓar irin waɗannan shari'u. A 2023 uku daga cikinsu, har da Dang Dinh Manh da ya kare Pham Doan Trang, suka tsere zuwa Amurka bayan 'yan sanda sun gayyace su a ƙarƙashin sashe na 331. Da wuya lauya ya sa a saki wanda ake tuhuma da sashe na 117. Amfaninsa shi ne ya ga fursunan, ya fito da labarin lafiyarsa, ya sa abin da aka faɗa a kotu ya isa ga jama'a.

Sai lambobin yabo da kamfe na duniya. Pham Doan Trang ta samu lambar RSF a 2019, ta kwamitin kare 'yan jarida na CPJ a 2022, ta ƙungiyar marubuta ta PEN Amurka a 2024, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar tata ta saɓa wa doka. Ba ɗaya da ya buɗe mata ƙofa. Masu shakka na nuna wannan. Masu goyon baya kuma na cewa sakin fursuna ba shi kaɗai ne ma'auni ba: wanda duniya ta san sunansa ya fi wanda aka manta da shi samun likita da ziyara, kuma jakadu na tambayar lafiyarsa.

Idan matsin lamba ya yi aiki, yawanci da sharaɗi yake zuwa, wato daga kurkuku sai filin jirgi. Haka aka yi wa Nguyen Van Hai, wanda ake kira Dieu Cay, a 2014, da Nguyen Ngoc Nhu Quynh a 2018, duka zuwa Amurka. Ga mutumin da iyalinsa wannan ceto ne, ba mai musu. Ga gwamnati kuwa jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya: ta rabu da mai suka, ta kuma samu abin nunawa a teburin tattaunawa. Ba a rasa lura da cewa an saki Mai Phan Loi kwanaki kaɗan kafin ziyarar Shugaba Joe Biden a watan Satumban 2023.

Aikin jarida daga ƙetare shi ne ya rage wa da yawa. Mujallar Luat Khoa, wadda Pham Doan Trang da Trinh Huu Long suka kafa a 2014 don wayar da kan jama'a game da doka da siyasa, daga Taiwan ake tafiyar da ita. Sai dai hijirar ma ba ta zama mafaka ba idan ba a yi nisa ba. Truong Duy Nhat ya ɓace a Bangkok, babban birnin Tailan, a Janairun 2019 jim kaɗan bayan ya nemi mafaka a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai aka gan shi a tsare a Hanoi, aka yanke masa shekara 10. Duong Van Thai ya ɓace a Tailan a Afrilun 2023, aka yanke masa shekara 12. Ga wanda ke zaune a Tailan, taimakon da ya fi gaggawa shi ne a hanzarta ba shi izinin shiga wata ƙasa ta uku. Waɗannan kafafe na ƙetare kuma su ne yankewar tallafin Amurka na 2025 ta fi girgizawa, domin masu karatunsu na cikin gida ba su da hanyar biyan kuɗi ba tare da barin sawu ba.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Matsayin gwamnatin Biyetnam bai sauya ba. Ta ce babu fursunan ra'ayi a ƙasar, sai waɗanda suka karya doka. Tana nuni da yawan kafafen yaɗa labarai da yawan masu amfani da intanet, tana cewa kowace ƙasa na da ikon kare kanta daga labaran ƙarya da tunzurawa. Tana kuma tunatar da tarihi: ƙasar da ta yaƙi Faransa da Amurka ba za ta kalli rediyon da majalisar dokokin Amurka ke ɗaukar nauyinsa a matsayin ɗan ba-ruwanmu ba. Akwai 'yan ƙasar da yawa da ke ganin zaman lafiya da ci gaban da aka samu sun isa hujja. Wannan bayani na da nauyinsa a kan batun kuɗin ƙetare. Inda ya gaza shi ne a kan waɗanda ba su karɓi sisin kowa ba, kamar manomi ko mai sayar da abinci da aka ɗaure saboda abin da ya wallafa.

Amurka da Tarayyar Turai na cewa hulɗa ta fi ƙauracewa. Suna buƙatar Biyetnam a matsayin madadin Sin wajen masana'antu, kuma suna da taron shekara-shekara da ita a kan haƙƙin ɗan Adam. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na mayar da martani da kwanakin wata. Pham Chi Dung ya roƙi majalisar Turai ta jinkirta amincewa da yarjejeniyar ciniki da Biyetnam har sai an ga gyara. An kama shi a Nuwamban 2019, majalisar ta amince da yarjejeniyar a Fabrairun 2020. An kama Pham Doan Trang a daren 6 ga Oktoban 2020, sa'o'i kaɗan bayan kammala taron haƙƙin ɗan Adam tsakanin ƙasarta da Amurka. A ganinsu, lokacin da ake da abin riƙe wuya shi ne kafin a sa hannu, bayan nan ihu ne bayan hari.

Kamfanonin intanet na tsaka mai wuya, ko da yake ba su ne ke shiga kurkuku ba. A 2020 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an rage saurin Facebook a ƙasar na tsawon makonni, har sai da kamfanin ya amince zai ƙara toshe rubuce-rubucen da gwamnati ta ce sun saɓa wa doka. Hujjar kamfanin ita ce gara a toshe wasu da a rufe shi gaba ɗaya.

## Yadda abin ke taɓa talaka

Tun 25 ga Disamban 2024 wata sabuwar doka mai lamba 147 ta wajabta wa masu amfani da shafukan sada zumunta su tantance kansu da lambar waya ko ta katin ɗan ƙasa, ta kuma ba kamfanoni sa'a 24 su cire abin da hukuma ta ce a cire. Gwamnati ta ce don maganin 'yan damfara ne, kuma damfarar intanet matsala ce ta gaske a ƙasar. Amma da wannan, rubutu da ɓoyayyen suna ya zama abu mai wuya, ga ɗan jarida da kuma ga ma'aikacin asibiti ko na masana'anta da ke son tsegunta masa wani abu.

Sassan da ake kama 'yan jarida da su ba su tambayar sana'ar mutum. Can Thi Theu manomiya ce da aka ƙwace wa gona a gefen Hanoi. Ita da 'ya'yanta biyu maza an ɗaure su shekara takwas zuwa goma bayan sun yaɗa labarin Dong Tam. Bui Tuan Lam taliya yake sayarwa a birnin Da Nang. Ya yi suna ne da wani bidiyon barkwanci da ya fitar bayan an ga To Lam a Landan ana ba shi naman da aka lulluɓe da zinare a baki. A 2023 aka yanke masa shekara biyar da rabi a ƙarƙashin sashe na 117, bisa wasu rubuce-rubuce da bidiyoyi da ya wallafa. Idan kafafen ƙetare suka yi rauni, irin waɗannan shari'u za a yi su a gama ba wanda ya ji, kuma mai rigimar fili ko masuncin da ruwansa ya gurɓace zai rasa wanda zai kai wa kuka bayan ofishin da yake ƙara.

## Abin da ita kanta ta nema

Tun a watan Mayun 2019 Pham Doan Trang ta rubuta wasiƙa ta ba abokai, ta ce a fitar idan an kama ta. A ciki ta yi gargaɗin cewa gwamnati na amfani da fursunoni irinta a matsayin hajar ciniki da ƙasashen waje. Ta ce ba ta son a yi kamfen ɗin sakinta ita kaɗai. A haɗa sunanta da neman sabuwar dokar zaɓe, a kuma karanta littattafanta. Ta roƙi a kula da mahaifiyarta, a kai mata gitarta kurkuku idan masu gadi za su yarda.

Idan ba a rage mata ba, wa'adinta zai cika a watan Oktoban 2029. Na Pham Chi Dung sai a ƙarshen 2034, sannan shekara uku na ɗaurin talala su biyo baya.